Layar da ke ƙarƙashin igwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sauya wa rundunar ɗana tambari ba, a barikin soja na nan Arlit.

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, “wancan” nake cewa. Ko ranar da ya shiga soja ban raka shi ƙofa ba. Unguwa ta san ni: matar da ta rungumi ɗanta a gabana sai ta sha faɗa.

Yana cikin masu harba igwa. A kafaɗar kakinsa akwai tambarin ƙyalle, igwa biyu a gicciye. Da za a tura su iyaka, wajen Assamaka, na bari ya tafi sallar Juma'a, na farke tambarin, na cusa laya naɗe cikin ƙyallen zanena, na mayar na ɗinke. (Allura ce kawai shaidata.)

Bayan shekara uku aka gayyaci iyaye. Na ɗaura zanena mai kyau, na zauna kusa da Gaishita maƙwabciyata, fuska a murtuke. Kumandan ya daɗe yana ba da tarihin rundunar, tun zamanin da raƙuma ke ɗaukar musu kaya, har ya lissafa waɗanda ba su dawo ba. Sannan ya bi layi da ƴar wuƙa, yana farke tsohon tambari yana maƙala sabo.

Ya iso kan wancan. Yana farkewa, laya ta faɗo.

Kumandan ya ɗaga ta sama. Shuɗi mai ganye-ganye. Na dubi cinyata: shuɗi mai ganye-ganye.

“Inna,” in ji Gaishita da muryar nan tata ta kiran awaki, “ashe dutsen yana da ruwa!”

Mata suka kwashe da dariya. Na ja mayafi har hanci, ni da ke sa wasu rufe fuska.

Da aka watse wancan ya zo ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya miƙo layar da sabon tambarin.

“Tun ranar farko na ji tudunta, Inna. A mayar mini.”

“Ka ajiye can,” na ce.

A ranar na ɗinka, a tsakar gida, Gaishita na zura mini zare a allura tana ƙunshe dariya. Har yau ban kira sunansa ba. Amma duk mai shirin ɓoye ƙauna, ina ba ta shawara: ta yanki tsohon zane, wanda ba ta fita da shi.