Rasuwar Dogo, Madubin Hangen Taurari

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya hana ta barci, ni Dawuda, mazaunin Zuru, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Dogo, madubin hangen taurarina, bayan jinyar damina guda.

Marigayin ya shigo gidana ne daga hannun yayana Abel, tsohon soja, a shekarar da idanunsa suka fara dushewa. Abu ɗaya Abel ya roƙa: hoton wani garken taurari mai nisa, wanda ya juya mana gefe kamar faifan da aka kalla ta bakinsa, da baƙin layi siriri ya ratsa tsakiyarsa. Layin ba ya fitowa a hoto guda; sai an tara hasken darare da yawa, an ɗora wani kan wani.

Dogo mai haƙuri ne. Yakan tsaya a kan dutsen bayan gida, yana bin sama da gunjinsa, zzzz, can ya ce ƙis, ya karɓi hasken da ya baro gida tun ba mutum a duniya. Bai taɓa nuna kowa da mugunta ba.

Amma daga nesa ya yi kama da bakin bindiga, zamani kuma na tsoro ne. Da 'yan sintiri suka fara tambaya, sai na tura shi cikin rumbu, na rufe shi da dawa. Can laima ta same shi, fumfuna ta cinye fuskar madubin. Ranar da na fito da shi na leƙa, ban ga komai ba sai inuwar idona.

Ya rasu ya bar ƙafafunsa uku, kyamara guda, da hoton da bai kammala ba: farin hayaƙi kawai, babu layi. Ya kuma bar Abel, wanda yake tambayar hoton kowace Lahadi, ni kuma ina ce masa saura kaɗan.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a kan dutsen. Jikata Leah za ta riƙo hannun Abel, ni kuma zan miƙa masa hoton. Idan ya kai shi kusa da fuskarsa ya tambaya ko layin ya fito, ina roƙon jama'a kada kowa ya taimake ni. Ni zan amsa.