Ƙamus Ɗari Biyu na Jiran Almakashi

Jiya saura mota biyu a zo kaina a layin mai, autata ta kira ni tana kuka. Ranar Asabar za ta rubuta jarrabawar neman gurbin karatu kyauta, kuma takardar Turanci ce ke kayar da yara, da manyan kalmomin nan masu karya haƙori. Ƙamus take so.

To ai da kunnena na ji a rediyo an kai wa makarantarsu ƙamus ɗari biyu. Na fita daga layi, na tura babur ɗina har can.

Hedimasta ya kai ni sito. Ga kwalaye kuwa har rufi, an ɗaure su da jan ƙyalle. Wai ba mai taɓawa sai Mai Girma Inuwar Ilimi, Allah ya ƙara masa tafiye-tafiye, ya zo ya yanka ƙyallen a gaban masu ɗaukar hoto. Sau shida ana ɗage zuwan. Na roƙi aron guda ɗaya na kwana uku.

"Baba, in kwali ya fito a hoto a buɗe, ni za a rufe," in ji shi.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ina fita na ci karo da malamar Turanci, ta ce in kwantar da hankalina. Tun da aka hana ta ƙamus, da wasiƙun ɗage bikin da ofishin Mai Girma ke aikowa take koyarwa. Kowace shafi uku ce, ba kalmar da ta gaza kamu ɗaya a tsawo. Yanzu 'yan ajinta sun san hanya goma sha bakwai ta cewa "ba yau ba" da Turanci.

Na koma gida na gwada autar. Na ce ta karanta min abin da ta iya. Ta miƙe, ta gyara murya, ta yi minti biyar tana zuba. Maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga ya tambayi wa ya ci zaɓe. Da ta fassara, ashe cewa ta yi za a kafa kwamitin duba yiwuwar wanke kwanuka.

Don haka masu cewa manyanmu ba sa koyar da komai su ji tsoron Allah. Addu'ata ɗaya: ranar Asabar a tambaye su yadda ake ba da uzuri. In aka ce su bayyana yadda ake gama aiki, wannan babin ba a turo wasiƙarsa ba tukuna.