Damben Kai Tsaye a Zauren Barau

Wani mutum ne a garinmu, Barau mahauci. Ba a taɓa ganinsa ya mari ko akuya ba, amma in ka zauna da shi sai ya rantse maka a zamanin ƙuruciyarsa 'yan dambe na jin sunansa suke kwance zare. Tsofaffin majalisa ba sa gaskata shi, abin kuwa yana ci masa rai.

Ana nan sai surukinsa ya aiko masa da talabijin irin ta bango, faɗinta kamar ƙyauren shago. Hoto tar! Har gumin mutum kana gani. Barau ya dube ta, dabara ta faɗo masa. Ya tafi kasuwa wurin masu tura finafinai, aka zuba masa wani wasan dambe na Kano a ɗan memori. Ya rufe ɗaki ya yi ta kallo har ya haddace wa ya kashe wa.

Ran Juma'a bayan La'asar ya gayyato majalisa zaurensa, ya sa aka dama fura.

"Ku zauna ku ga zamani," in ji shi. "Wannan ba irin akwatunanku masu yayyafi ba ce. Ta iska take jawo hoto daga Kano, kai tsaye. Yanzu haka ana can ana yi."

Tsofaffi irinmu kuwa, in aka ce mana iska, magana ta ƙare. Kowa ya saki baki.

Kalangu ya ɗauka. Barau ya gyara hula, ya nuna da rimot.

"Kun ga mai jan wandon nan? Dubi yadda yake aje ƙafa. Ba zai ga turmi na biyu ba."

Kafin ya rufe baki, tim! Mai jan wando yana ƙasa.

Zaure ya ɗauki salati. Liman Dogara ya ce, "Barau, ashe da gaske kake?"

"Allah gafarta Malam, wanda ya sha bugu shi ya san bugu. Wannan dogon kuma, hagu za ta ci shi."

Ƙum! Hagu ta ci shi.

Nan fa Barau ya kumbura kamar alkubus. Ya miƙe yana gwada musu yadda ya taɓa karya haƙarƙarin wani ƙato a Gusau, har ya kusa ɓarar da fura. Wasu suka fara ce masa Sarkin Dambe.

Sai mai ɗaukar hoto ya juya kan 'yan kallo.

"Ku duba kyan hoto!" in ji Barau. "Har wanda ke shan rake a layin gaba ana iya ƙirga haƙoransa."

Liman ya matsa kusa, ya gyara tabarau. Ya dubi bango, ya dubi gefensa. Ya sake duban bango.

"Jama'a, wancan mai raken ba Jatau ba ne?"

Kowa ya waiga. Ga Jatau mai albasa zaune a tabarma, ludayi a baki. Ga kuma Jatau a bango, da giɓinsa da hularsa mai ɗinkin kore, yana tsotsar rake yana ihu.

Jatau ya aje ludayi a hankali. Ya shafa ƙirjinsa, ya shafa gemu.

"Ni ne kuwa. Wannan ai damben bayan Babbar Salla ne, da na kai albasa Kano."

"Kama ce!" in ji Barau. Gumi ya keto masa. "Mutum nawa ke da giɓi a duniya?"

"Har da hular da matata ta ɗinka?"

Barau ya shiga danna rimot zai kashe. Garin sauri, ya danna wani wuri daban. Hoto ya tsaya cak a kan fuskar Jatau, baki buɗe, ɓawon rake a leɓe, ta cika bango.

Dariya ta ɓarke. Liman har da tari, ana bubbuga masa baya.

Barau ya lallaɓa zai zare waya daga bango, Jatau ya riƙe masa riga.

"Haba Sarkin Dambe, kar ka kashe mana. Tunda kai tsaye ne, bar ni in gani ko zan samu motar dawowa gida."