Gyaran Muryar Malam

"...Da rana, da kasuwa, da zaman banza. Ina kwana, maigidan da ba ya cefane?"

Hajiya Mansura ce tsaye a bakin rumfar jikanta Ɗanliti, ranar kasuwar Yankara, inda yake cajin wayoyi yana tura wa mutane karatu da waƙoƙi.

"Lafiya lau, amaryar da haƙoranta suka riga ta yin ritaya. Zauna, kar iska ta kai min ke Faskari."

Ta zauna a benci tana cewa ita dai Allah ya haɗa ta da miji mai ƙafa kamar sillen kara. Amma idonta na kan wayarta da ke hannunsa. Wancan makon ta kawo masa wani tsohon kaset, wanda marigayi mijinta Malam Gide ya aiko daga Shagamu lokacin da yake fataucin goro. A zamanin, matafiyi kan ɗauki muryarsa ya ba direba, a tara gida kaf a tsakar gida a kunna. Muryar Malam ke nan da ta rage a duniya. Ɗanliti ya samu ya kwashe ta cikin kwamfuta, yana gamawa zaren kaset ɗin ya tsinke.

Ya miƙa mata wayar yana fankama, wai ya wanke muryar kishiyinsa tas, ya cire ƙara da shiru da duk wani tarkace.

"Dattijon nan ya gaida liman, ya gaida mai unguwa, ya gaida jakinsa. Ke ko sunanki bai kama ba. Ni ko kira nawa nake miki a wuni?"

"Kiran yunwa ba. Sai ka ji ƙamshin miyata."

Ta kara wayar a kunne. Ga Malam nan raɗau, kamar yana bayan labule. Ya gaida iyaye, ya tambayi damina, ya ce a kula da rumbu. Ta saurara har ƙarshe, ta sake kunnawa. Sai ta sauke wayar kan cinya.

"Ɗanliti, ina saƙona?"

Da ya ji ta kira sunansa na gaskiya, ya san wasa ya tsaya. Ya rantse bai taɓa kalma ko ɗaya ba.

"Bayan ya ce a gaida sauran mutanen gida, yakan yi shiru, ya yi gyaran murya. Ina yake?"

"Wannan kakin? Ai shi na fara gogewa."

Ta kalli wayoyin caji da ke zube. Sannan ta gaya masa, a hankali, cewa a gaban surukai ake kunna kaset, namiji mai kunya ba ya ambaton matarsa. Daren da Malam zai tafi ya ce mata in ta ji ya gyara murya, to da ita yake. Duk gidan kan ce sanyin Kurmi ya kama shi, har uwarsa ta aika masa da citta. Ita kuwa sai ta shige ɗaki.

Ɗanliti ya jawo kwamfuta. Masu karɓar waya suka yi ta sallama bai amsa ba. Ya buɗe nan, ya rufe can, ita kuma ta ƙi kallonsa. Can ya tarar da ɗaukar farko a kwandon sharar kwamfutar, bai kai ga zubarwa ba. Ya kunna. Ƙarar tsohuwar rikoda, zakara na cara a Shagamu, gaisuwa, shiru. Sai Malam ya gyara murya.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Bai san ko dariya take ba ko kuka, ita ma ba ta tantance ba.

"Ikon Allah," in ji Ɗanliti. "Ni da nake kiranki har ta bidiyo, ban taɓa ganin kin rufe min fuska ba. Mutum ya yi tari ɗaya daga Kurmi ya kwashe min mata."

"Kai surutu ka iya. Shi magana ya yi."

"Na janye, Hajiya. Malam ya riƙe abarsa."

Ta kwance bakin zane ta dire masa ƙullin dakuwa a kan tebur.

"Ungo, ladan ɗan aike. Tura min da zakaran da komai. In ka iya tari, ka dawo neman aure."