Rabin Askin Surukina

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanin matata ba, ranar da na ɗauko wutar lantarki a mota tun daga Tambuwal na kai wa surukaina, alhali babu wanda ya aike ni.

Ƙauyen su Kulu, matata, yana can bayan Kebbe, kuma wuta ba ta taɓa leƙa shi ba. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, manomi ne mai 'yan shanunsa, ga ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa gaisuwa ce kawai ke haɗa mu: in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in sunkuyar da kai, ya amsa, in tashi. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in kuwa akwai magana sai dai ta bi ta bakin wani. Amma na daɗe ina zargin kallon ɗan ofis yake yi mini, wanda in ban da riƙon biro bai iya komai ba. (Gaskiya ce, amma wa ke son a gano shi?)

Shi ya sa da bikin ya matso na sa aka ɗaura wa tsohuwar motata inbata, ɗan akwatin nan da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma na san ta sarai: in za ka jona masa kaya da yawa, ka bar injin mota yana aiki, don batir ya riƙa samun caji. Na sayi injin aski, na ɗauki taubashina Sambo ya zame mini baki a gidan surukai. Sambo ya iya aski, ya iya surutu, bai dai iya tuƙi ba.

Mun isa da hantsi. Na ajiye motar daf da bishiyar da dattawa suka shimfiɗa tabarmi, don kowa ya gani da idonsa. Sambo ya fito ya yi shela kamar mai tallan magani.

"Jama'a, kowa ad da waya shi kawo. Wutar ga ba a ɗauke ta, mai ita na nan zaune."

Kafin ka ce me, kujerar baya ta cika da wayoyi da tociloli masu caji. Daga cikin gida mata suka aiko da lasifikar kiɗansu. Sambo ya zaunar da ango a kan turmi ya yi masa aski mai kyau, samari suka kewaye su suna yabo. Ni kuwa na jingina da mota ina kaɗa makulli, kaina ya yi girman da hula ba za ta shige shi ba.

Sai dai motata tana hayaƙi, kuma salansarta ta juya ne wajen tabarmar dattawa. Wani tsoho ya yi tari. Na saci kallon Baba, sai na ga ya zuba wa salansar ido, ya daɗe yana dubanta. A ganina surukin da ya yi wa abinka irin wannan kallo ya gama magana. Na lallaɓa na kashe injin, na bar inbata yana ta tsotsar batir shi kaɗai.

Rana ta take, samari suka kwashi ango suka yi masallaci, don bayan Azahar za a ɗaura. A lokacin ne Baba ya tashi, ya cire hula, ya zauna a kan turmi. Ashe wanzaminsa ya tafi bikin suna a garin Fakku bai dawo ba. Daɗi ya kashe ni, yau surukina da kansa zai ci moriyata. Sambo ya yi bisimilla, ya fara ta dama. Ya share saje, ya share saman kunne har ƙeya, ya hau tsakiyar kai. Yana kaiwa daidai rabi sai inbata ya saki wani kuka siriri, koriyar fitilarsa ta koma ja, injin aski ya yi tsit.

"Mi ya faru?" in ji Sambo.

"Ba komai, ɗan ƙaramin abu ne," na ce da shi, da muryar wanda ya ƙera abin.

Na fara da fiyus. Na zare shi, na ɗaga shi sama na duba, lafiyarsa ƙalau, amma na hura masa iska na mayar. Na buɗe bonet na kankare kawunan batir da wuƙa. Na matsa wayoyi, na sassauta su, na sake matsawa. Na ce zafi ne ya yi masa yawa, aka kawo mini mafici, na durƙusa ina yi wa akwati firfita dattawa suna kallona. (Ni da ko Kulu ban taɓa yi wa firfita ba.) Na ɗora laifi a kan injin aski, na ɗora a kan lasifikar mata, har na ɗan mammari inbatan a ɓoye. Duk lokacin da na kunna sai ya yi kukan nan ya mutu.

Baba dai yana kan turmi. Ya gwada sa hula, abin ya ƙara muni: ta hagu furfura da saje sun leƙo, ta dama fes kamar an wanke ƙwarya. Shi ne kuwa uban ango, shi za a yi ta miƙa wa hannu a gaban baƙin da suka zo daga garin amarya. Sambo ya aika a sayo reza, aka ce mai shago ya kulle ya tafi masallaci.

Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina. Na shiga mota na murɗa makulli. Ƙas, ƙas, ƙas, batir ya mutu. Ashe tun ɗazu inbata ba lalacewa ya yi ba, yunwa yake yi wa kuka.

"Sai turi," na raɗa wa Sambo.

"To wa za shi tura? Samari duk sun tahi, tsohhi anka bari."

Na roƙe shi ya rufa mini asiri ya yi magana a hankali. Taubashi ne, sai ya juya ya ɗaga murya: "Baba, surukinku ya ce a tura shi."

Ban ce ba. Wallahi ban ce ba. Amma Baba ya miƙe, ya naɗe hannun babbar riga bisa kafaɗa, ya nufo bayan mota. Da sauran dattawa suka ga haka, su ma suka tashi. Na so in fito, to wa zai riƙe sitiyari? Haka na zauna daram a kan kujera, ni da ko tsayuwa ba na yi a gabansa, surukina yana tura ni cikin rairayi. Na saka giya ta biyu, na taka kuloci, na ɗaga ido don in duba baya. Sai ga fuskar Baba ta cika madubi, gumi na zuba, rabin kai fari da furfura, rabi yana ƙyalli. Muka haɗa ido. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa haɗa ido ba sai ranar nan, a madubin mota. Na ji kamar in narke in bi ta ƙarƙashin kujera.

Motar ta yi tari ta tashi. Na zagayo, na cire wayoyin jama'a da lasifika, koriyar fitila ta kama. Baba ya koma kan turmi cikin hayaƙi, Sambo ya ƙarasa askin ana kiran salla. Na matso na durƙusa, na ce Sambo ya ba shi haƙuri, ya gaya masa don hayaƙin da na ga ya dame shi na kashe injin.

Baba bai jira Sambo ba. Ni ya duba.

"Hayaƙi? Mu da muka kwana cikin hayaƙin garke? Ni salansar ga nika kallo, na ga da igiyar guga anka ɗaure ta. Mamaki nika yi yadda tak kawo ku tun daga Tambuwal." Ya sa hularsa, ya ƙara da cewa, "Bar ta tana kuka har mu dawo, kada mu sake turi da rigunan biki."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma har yau ba a samu wadda ta fi ta ba. A ƙauyen kuwa sunana ya tashi daga mijin Kulu ya koma A-tura-shi.

Abin da na koya shi ne, in suruki ya zuba wa abu ido, kada ka yi masa fassara, ka tura a tambayo shi. Yanzu kuma duk zuwan da zan yi, inbata yana nan a mota, amma kusa da shi akwai reza sabuwa, kuma a kan gangara nake ajiye motar.