Tonar da Ta Ƙi Zama a Takarda

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa dillalan hatsin Gummi rasit ɗinsu ba. A shekarun nan ne da samari suka watse zuwa ramukan zinare wajen Anka da Bukkuyum. Ni kuwa na buɗe shagon buga takardu, na sayo tsohon inji mai aiki da kwamfuta daga Kano, ina hura hanci kamar ni na ƙera shi.

Damuwata ɗaya ce, Alhaji Mamman, shugaban dillalan, mahaifin Hafsatu wadda nake nema da aure. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Abin da kawai ya faɗa wa Innata shi ne, "Yaron ga danne-danne ɗai shika yi, ni ban ga sana'a ba." Maganar ta ƙona mini rai ƙwarai. Saboda haka da ƙungiyarsu ta nemi rasit irin wanda ba a sa masa kabon, ka rubuta a takardar sama ya fito a ta ƙasa da kansa, na yi wuf na karɓi aikin. Na ce yau Alhaji zai ga sana'a.

Na je Gusau na ɗauko takardar, ban tambayi kowa komai ba (mai neman burge suruki ai ba ya tambaya). Bugun farko ya fito da dabbare-dabbaren shuɗi, ashe zafi da matsin injin ne ke farfasa maganin da ke bayan takardar. Na yi murmushin gwani, na shiga saiti na gaya wa injin cewa takardar siririya ce, ya rage zafi. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, tona, wadda injin ke bugu da ita a madadin tawada, gari ce, zafin nan ne ke narkar da ita ta manne. Ga kuma ɗan janaretana yana tari, wutar da yake bayarwa ko fanka da ƙyar take juyawa.

Bugu na biyu ya fito tas, baƙi wuluk, har da hoton buhun gero a tsakiya. Na ga ɗan baƙin gari a kan tebur, na hure shi, na ɗora laifin a kan tsufan inji. Na haɗa littattafan ina riƙe su ta gefe-gefe kamar ƙwai, don kada in ɓata su da yatsa. Da na ɓata su ɗin, da na huta.

A rumfar kasuwa aka taru, ana tsakiyar bazara, kowa na gumi. Dattawa sun sha fararen riguna. Na raba littattafan, suka yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa na shafa shafin da tafinsa yana cewa tubarkalla. Har jawabi na yi, wai zamani ya zo Gummi. Alhaji ya zaro biro ya gwada, rubutu ya fito a ƙasa raɗau. Ya gyaɗa kai ya ce, "Awo, ya yi." Na ji kamar an riga an ɗaura.

Sai limamin kasuwa ya ce, "To, a sa ma aikin ga albarka."

Aka sunkuyar da kai, aka lumshe ido, aka ɗaga hannu. Ni da nake tsaye, ni kaɗai na hango tafukan. Baƙi ƙirin, kamar masu sayar da gawayi. Na leƙa littafin da ke gaban Alhaji, buhun geron ya tafi, sunan ƙungiya saura rabi. In yi magana? Wane ɗan yau ne zai katse addu'ar dattawa? Na tsaya ina cewa amin da ƙarfi, ina roƙon Allah kada liman ya gama.

"Fatiha," in ji liman.

Suka shafa. Daga goshi har gemu, wasu har ƙirji.

Aka buɗe ido. Kowa ya dubi na kusa da shi ya fara dariya, sannan ya ga shi ma dariyar ake yi masa. Liman ya ce, "Subhanallahi, Alhaji, mi as same ka?" Alhaji ya ce, "Kai ma dubi taka, Malam." Farin gemunsa da yake ji da shi ya koma na saurayi. Ya juyo ya dube ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, kawo muna buta." Ni na riƙa zuba wa surukina ruwa yana wanke aikina daga fuskarsa, 'yan kasuwa sun yi da'ira suna kallo. Na so ƙasa ta tsage.

Washegari na kira mutumin da ya sayar mini da injin. Ya ce takardar da na saya ta manyan injinan tawada ce, akwai wadda aka yi don injina masu tona irin nawa. Na sayo ta, na maido da zafi daidai, na aro babban janareta, na bar takardar ta kwana a rufe kada ta sha danshi. Kowane shafi sai na karce shi da farce na murza da yatsa mai gumi. Na sake kai aikin, wannan karon ta hannun Inna, don ƙafata ta ƙi zuwa kasuwa.

Alhaji ya ba ni Hafsatu. Wai ya ce yaron da ya dawo da aiki bayan wannan abin kunya ba zai gudu ya bar mata ba. Amma ranar ɗaurin aure, da aka ce Fatiha, da idona na ga ya buɗe tafukansa ya duba su sosai kafin ya shafa. Dillalan da ke sahunsa duk suka yi haka.

Tun daga nan, duk abin da na buga, a fuskata nake fara gwada shi. Gara tawa, ta riga ta saba.