Hucin Ɗakin Inna

Matso kusa, wannan maganar ba ta bakin ƙofa ba ce.

A rediyo na ji wani likitan ƙwaƙwalwa yana cewa baƙin cikin da mutum ya danne tun yarinta ba ya mutuwa, laɓewa yake a ƙasan zuciya ya dawo da wata siffa. Maganinsa, a kwantar da mutum ya yi ta magana. Na ce ashe ni likita ce.

Sai ga maƙwabciyata Hajiya Ladi ta rame, wai huci take ji a ɗakin marigayiya Innarta a Ƙofar Mazugal, har za ta bar gidan. Ɗakin duhu ko da rana tsaka. Na shiga da ita ciki, na kwantar da ita a tabarma.

"Hajiya, Inna ta taɓa dukanki?"

Fuuu.

"Kin ji?" ta ce da raɗa.

"Zuciyarki ce."

"Zuciyar tawa a bayan randa take?"

Na waiwaya. Kumurci ne ya fasa kai yana kallona. Na tsallake majinyaciyata, ko mayafi ban ɗauka ba.

Allah ya tsare ta, aka kashe shi. Ni kuwa ko gidan suna na shiga, sai mata su ce, "Likita, fuuu!"

Tsakani da Allah, kai da tsayawa za ka yi?